Jan Gyale a Hannun Gwanin Tsere

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda in an tambaye ni yau sai na yi tunani kafin in tuno su, amma mutuwar gwanin tseren garinmu ba ta cikinsu. Ita kam ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta da ita ba. Ba ɗan'uwana ba ne, ban ma taɓa yin magana da shi ba sai ranar. Abin dai shi ne ina wurin, na gani da idona, sannan na dawo Gure na zauna mutanen da ba su je ba suna ba ni labarin yadda aka yi.

Duk wanda ya tashi a Gure ya san shi. Tun yana saurayi yake tseren moto, wato babur, an ce har da Turawa ya kara cikin hamada, daga baya ya koma mota kat-kat, irin mai ratsa rairayi. Yana da garaji kusa da tasha. In ya fita bayan gari ranar sallah ya hau tuddan rairayi, samari har faɗuwa suke yi wajen bin sa. Ni bai taɓa burge ni ba. A ganina babban mutum mai iyali yana wasa da ransa don yara su yi ihu, ba abin tafi ba ne.

Lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Yayata da nake bi tana aure a unguwar da ke kusa da tamu. Mijinta malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Bune, sai ƙarshen mako yake zuwa, ita kuwa tana zaune da uwarsa. Ta daɗe a gidan ba haihuwa. Uwar mijin ta ɗora ta a kan jiƙe-jiƙe da turare, in an ambaci asibiti sai ta ce tonon asiri ne, su a danginsu ba a kai irin wannan magana gaban baƙo. Da yaya ta gaji, sai ta ce musu za ta je Kelle duba gwaggonmu, ni zan raka ta. Muka wuce Damagaram wurin likitar mata. Ni na ba ta shawarar, kuma har yau ban ga laifinta ba.

A dawowa muka shiga ƙaramar motar haya, yawancin fasinjan ƴan Difa ne, ba wanda ya san mu. Mun wuce Gidigir kaɗan, bayan la'asar, motar ta yi pan, ta mutu. Direba ya lallaɓa ya ajiye ta a gefen titi. In na ce gefen titi, wanda bai san hanyar ba zai ɗauka akwai wani fili da aka tanada. Babu. Kwalta ce siririya, bakinta duk ya gutsure. Tayoyin dama suna cikin rairayi, na hagu suna kan kwalta. A ɗaya hannun kuma rairayi ya malalo ya cinye kusan rabin hanyar. Bayanmu akwai hawa, wanda ke zuwa ba zai gan mu ba sai ya kai kanta.

Duk wannan daga baya na lura da shi. A lokacin abin da muka sani shi ne zafi. Bazara ce. Muka shimfiɗa zannuwa a gaban motar inda take jefa inuwa, muka zauna, wata ta kwance ƙullin dabino tana rabawa. Al'adar hanya ita ce in mota ta mutu a karyo rassa masu ganye a jera su a kan titi, na baya ya gani ya rage gudu. To wurin ba itace, sai busasshiyar ciyawa. Direba ya duba hagu, ya duba dama, ya shige ƙarƙashin motarsa.

Muna nan sai ga kat-kat daga wajen Gure. Ta wuce mu, ta juyo, ta sauka daga kwalta gaba ɗaya ta shiga can cikin rairayi kafin ta tsaya. Gwanin tsere ne ya fito. Yaya ta ja gyale ta rufe fuska, amma shi ko kallonta bai yi ba, don bai san mu ba.

Ya ce, "Kai direba, ina jar alamarka da ake ajiyewa a baya?"

Daga ƙarƙashin mota aka ce, "Wallahi maigida, ta ɓata."

"Ta ɓata ko ba ka taɓa saye ba? Fito daga nan."

Sai ya juyo gare mu. "Ku tashi. Dukanku, ku hau tudun can."

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, a ranar nan? Ka tausaya mana mana."

Ni kuwa da ba na iya yin shiru na ce, "Malam, motarka ce? Ka bar mu mu huta."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ƴar lakwal ce, na gani. To hau tudu ki ƙarasa mini rashin kunyar daga can, kunnena lafiya lau."

Aka yi dariya, aka tashi ana gunaguni. Shi da kansa ya riƙe hannun tsohuwar. Da muka hau sai ya ce wa ke da wani abu ja. Yaya ce kawai. Ta ciro zane daga jaka ta rufa, ta miƙa mini gyalen na ba shi. Ya naɗe bakinsa a hannu, ya nufi hawan da ƙafa, yana bin gefen titi, don ya tsaya a sama ya riƙa kaɗa wa masu zuwa.

Bai kai ba. Kamiyo ce, babbar motar kaya, ɗauke da buhuna ta ɓullo. Direbanta ya ga motarmu ta tare hannunsa, ya ga rairayi ya tare ɗayan, ya taka burki ya karkato gefe. A gefen kuwa gwanin tsere yake. Ta buge shi, ta zo ta daki motar haya ta baya, ta tura ta gaba. Tayoyin suka bi ta kan zannuwan da wasu suka bari a inuwa. Na tuna dabino a warwatse. Abin duka bai kai a sha kofin ruwa ba.

Direban kamiyon ya sauko ya ɗora hannu a ka ya zauna a ƙasa. Maza suka je wurin gwanin, suka dawo suna salati. Kafin a lulluɓe shi wani ya ɗauki hoto da waya. Ni ina tsaye ban yi kuka ba, ban san dalili ba. Can sai ga babbar bis ta tsaya. Yaya ta danƙe hannuna.

"Mu tafi. Jandarma za su zo su tambayi sunan kowa."

Na ce, "Gyalenki fa?"

"Ke, mu tafi na ce."

Muka tafi. Kafin magariba muna Gure, hoton ma ya riga mu isowa. Hannunsa ne kawai a ciki, da jan gyale a naɗe.

Direban haya ya faɗa wa jandarma gaskiya, na kamiyon ma haka, amma gaskiyar ba ta da daɗin ji. A fadar samari inda ake shan shayi aka ce ba yadda za a yi mutumin da ya ratsa hamada ya mutu a tsaye kamar akuya, abokin hamayyarsa ne ya biya mai kamiyo. Wasu suka ce yana da maganin ƙarfe, muddin yana cikin mota ba abin da zai same shi, shi ya sa aka yi aikin da ya fito da shi. Wani mai shago a layinmu ya rantse mini cewa ƴan fashi ne, kamiyon rufa-rufa ce. Na ce masa, "Kana wurin?" Ya ce a'a, amma ƙanin matarsa ya ji daga majiya mai ƙarfi. Na karɓi sabuluna na fita.

Duk waɗannan sun yi yayi sun wuce. Wanda ya zauna shi ne na gyale. Me ya kai gyalen mace hannunsa? An ce mace ce ta kira shi, suka yi mahaɗa a wurin. An ce tana cikin kat-kat ɗin, da abin ya faru ta tsere. Da aka ce direba ya ce na fasinja ne, sai mata suka taɓe baki, suka ce to fasinjar ba ta da suna?

Matsalar ita ce gyalen ba na kasuwa ba ne. Anko ne na bikin ƴar wani ɗan kasuwa a unguwarmu, shekarar da ta gabata. Daga Kano aka kawo shi, ja mai zaren zinariya a baki, daidai adadin waɗanda suka rubuta suna. Duk matan unguwa sun gane shi a hoton. Sai wani abu ya fara faruwa da har yau yake ba ni dariya in na tuna. Gyalen da aka jefa ƙasan akwati ya fito. Mace za ta je sayen tattasai sai ta yafa shi. Wata ta wanke nata ta shanya daidai inda mai wucewa zai hango ta ƙofa. Wata mai jego ma da ba ta fita ta aika da nata maƙwabta, wai a duba mata ko zaren ya fara zarewa. Ba wadda ta ce uffan, amma kowace tana lura da wa ta yafa, wa ba ta yafa ba.

Ni ma na yi ankon, sai dai nawa tun bayan biki na yanka shi na yi ɗankwali, kowa ya gan ni da shi. Ba zan iya ba yaya aro ba. Neman wani kuma a lokacin, daidai yake da hawa kan katanga ka yi shela.

Ana cikin haka amaryar da aka yi wa ankon ta haihu. Wata mai kaifin tunani ta kawo shawarar a sake sa shi ranar suna. Kowa ya san dalili. Da na je gidan yaya na tarar da uwar mijinta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba take magana.

"Na ce ina naki?"

"Inna, yana Kelle. Na manta shi wurin gwaggo."

"To a aika a karɓo. Motar Kelle ba ta ƙare ba. In kuma ya ɓata a can, ki je gidanku ki neme shi a hankali, in ɗana ya dawo ya same ki a can."

Mace ta san ma'anar wannan. Yaya ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Na ce ta faɗi gaskiya kawai. Ta ce in ta faɗi, ta yi ƙarya ta yi tafiya ba izini, ta kai sirrin gida asibiti, sannan wa zai yarda da sauran? Na ce to zauna su ɗaura miki mutumin da ko sunanki bai sani ba. Ta ce in fita. Na fita.

Ban koma gida ba. Na ji an ce jandarma sun mayar wa iyalinsa kayansa, sai na nufi gidan mamacin. Tunanina mai sauƙi ne, in faɗa wa matar abin da ya faru, in karɓo gyale, yaya ta yafa ranar suna, magana ta mutu.

Na same ta a ɗaki cikin takaba, ita kaɗai, masu gaisuwa suna rumfa. Mace ce doguwa marar hayaniya. Na yi mata gaisuwa, ban tsaya kewaye-kewaye ba na ce, "Tanti, gyalen na yayata ne, kuma ni na miƙa masa da hannuna."

Ta dube ni. Sannan ta ce in rufe ƙofa in faɗa mata tun daga farko. Na faɗa mata duka, har da asibitin, har da rashin kunyata. Da na zo inda ya ce in hau tudu in ƙarasa daga can, sai ta yi wata ƴar dariya ta rufe baki da hannu.

"Shi ne. Wannan maganarsa ce. Ni ko kankana na ce ya tsaya in saya a bakin hanya, sai ya kai mota can cikin daji kamar mai ɓoye ta."

Ta ɗaga katifa ta ciro gyalen. Ba a wanke ba. Ta ce tun da aka kawo shi take sansanarsa, ko za ta gane turaren wata da ta sani. Na miƙa hannu. Ta mayar da shi kan cinyarta.

"In na ba ki, yayarki ta fita. Shi fa?"

Ban gane ba. Ta ce, "Ta yafa ranar suna, a duba a ga na kowa ya cika. Sai a ce ashe baƙuwa ce, daga Damagaram yake ajiye ta. Ƴaƴansa su tashi da wannan. Ke ƴar boko ce, ba ki yi wannan lissafin ba?"

Ban yi ba. Gaskiya ko sau ɗaya ban tuna da shi ba, na ɗauka wanda ya mutu ya gama da surutu.

Ta ce, "Ba zan ambaci sunanta ga kowa ba, wannan na yi miki alkawari. Amma gyale ba zai fita ɗakin nan a ɓoye ba. Mai shi ta zo ta karɓa a rumfa, gaban mata."

Na ji haushinta sosai. Na fito ina cewa a raina wannan ai mugunta ce. Kafin in kai gidan yaya na san ba mugunta ba ce, amma ban daina jin haushin ba.

Da na faɗa mata, yaya ta kusa cinye ni. Ta ce wa ya aike ni, ta ce bakina ne zai kashe mata aure. Na ce aurenki da ma yana kan hanyar mutuwa, zaɓi kawai za ki yi, ya mutu a kan ƙarya ko ki gwada gaskiya. Ta jefe ni da mafici. Daga baya ta ɗauki waya ta kira mijinta a Bune. Ina zaune. Ta yi magana mai tsawo, shi bai ce komai ba sai, "To." Ya kashe.

Washegari da hantsi ya iso a kan moto, ba ranar zuwansa ba ce. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda ban taɓa sanin abin da ke ransa ba. Ya gaida uwarsa, ya shigo ɗaki, ya gan ni, bai ce in fita ba.

Ya ce, "Kin ce mini Kelle."

"Na ce."

"Da motar ta taka ki, a Kelle zan je neman gawarki."

Yaya ta sunkuyar da kai. Sai ya ce, "Me likitar ta ce?"

"Ta ce ba ta ga komai a wurina ba tukuna. Ta ce in zo da kai."

Ya kalli bango. Na ɗauka a nan komai zai watse. Sai ya tashi ya ce ta sa mayafi, zai kai ta gaisuwa gidan mamacin.

Ya tsaya a waje wurin maza, ni na shiga da ita. Rumfa cike take. Yaya ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce ta zo karɓar gyalenta ne. Wata da ke zuba kunu ta tsaya da ludayi a sama. Yaya ta faɗi yadda mota ta mutu, yadda ya kore mu daga inuwa, yadda ya nemi abu ja. Da ta tsaya sai wata dattijuwa ta ce, "To me ya kai ki hanyar Damagaram, ba Kelle aka ce kin je ba?"

Na buɗe baki zan ba ta amsar da ta dace da ita, yaya ta taka mini ƙafa.

Ta ce, "Asibiti na je, neman haihuwa. Mijina yana waje, ya sani."

Matar mamacin ta fito da gyalen ta ɗora mata a hannu. Ta ce, "Allah ya ba ki masu albarka." Aka ce amin, wasu da ƙarfi, wasu ciki-ciki.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Uwar mijin ta daɗe ba ta amsa gaisuwar yaya sai da kai, ni kuwa ta hana ni shiga gidan. Akwai waɗanda har yau in an ta da maganar sai su ce ai an shirya ne don a rufa asiri. Amma yaya ba ta je gida neman gyale ba, tana ɗakinta. Da hutu ya zo, mijin ya ce wa uwarsa za su Damagaram su biyu, ya faɗi inda za su, bai ɓoye ba.

Abin da ya kashe gwanin tsere a fili yake: hanya ce marar wurin tsayawa, da mota ba alama, da hawa. Garinmu ya shafe makonni yana binciken gyale, ba wanda na ji ya tambayi ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da na koya kuwa daga matarsa na koye shi. Ni da yaya mun ɗauka shirunmu namu ne, ba ruwan kowa da shi. Ashe duk ranar da muka yi shiru, a kan wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba ake ɗora maganar. Tun daga lokacin in na ga abu da idona, ina faɗinsa da wuri, kafin waɗanda ba su gani ba su faɗe shi a madadina.